Tabkin kacalla da ƙananan kwaɗinsa: yadda aikin ke tafiya

11 Mayu 2024

Yau ƙungiyar ɗalibanmu ta kula da muhalli ta sa hannu a aikin tabki, shi ya sa na buɗe wannan rajista, duk abin da aka yi a rubuta shi da ranarsa. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata kwaleji da ke gefen Yamai ta wajen Saga, inda gidaje ke ƙarewa gonakin shinkafa su ɗauka har bakin kogin Isa. Tabkin yana tsakanin gidajen ƙarshe da gonakin. A wannan wata na bazara ruwansa ya janye, saura ɗan kududdufi kore shar a tsakiya da laka da ta tsattsage. Gefen gabas busasshiyar kacalla ce, tsayinta ya fi mutum. Gefen yamma kuwa ya zama juji: leda, tsumma, toka, fasassun robobi, da ɓaraguzan gini da masu amalanke ke juyewa da dare.

Dattawan unguwa sun ce da can irin waɗannan tabkuna a jere suke daga nan har kogi. An cike su ɗaya bayan ɗaya an yi gini. Wannan ne ya rage, kuma a cikin kacallarsa akwai wani ƙaramin kwaɗo mai hawa kara, wanda ba ya zaman ƙasa irin na gindin randa. A duk faɗin unguwar nan ban taɓa jin kukansa a wani wuri ba sai nan.

Abin da ya tayar da ni tsaye labarin wani ɗan'uwansa ne a Afirka ta Kudu. Ana kiransa kwaɗon Pickersgill, da sunan Martin Pickersgill wanda ya gano shi a 1978 kusa da birnin Durban, kuma a 1982 masana suka ba shi sunan Hyperolius pickersgilli. Tsawonsa bai kai santimita 3 ba. Duk duniya babu inda yake sai wata siririyar gaɓar teku a lardin KwaZulu-Natal, cikin fadamun da ciyayin ruwa suka yi duhu. Ba farauta ce ta kusa ƙarar da shi ba. Fadamun aka riƙa zuƙe wa ruwa ana dasa rake, ana shimfiɗa unguwanni da masana'antu, ana haƙar ma'adinai. Da aka auna a 2010, duk wuraren da ya rage a cikinsu in an haɗa su ba su wuce murabba'in kilomita 9 ba, sai ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a matakin da daga shi sai ɓacewa daga daji.

Namu ba ya cikin wannan jerin, kuma ba zan ce wa yara yana ciki ba. Danginsa suna nan da yawa a ƙasashen da ke kudu da mu. Amma na Durban ma ba dare ɗaya ya shiga ba. Duk wanda ya cike fadama a can, gani yake ai akwai wata a gaba, har aka wayi gari na gaban ma sun tafi. Da na faɗi haka a aji, wata ƴar aji uku ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ke nan irin raƙuman dawa na Kure?" Haka ne. A 1996 guda 49 suka rage a duniya, duk a nan kusa da mu, tafiyar kilomita 60 daga Yamai, daga baya suka haura 600 saboda an tsaya musu kuma mutanen ƙauyukan sun yarda su zauna tare da su. Sai dai shi raƙumin dawa tun daga nesa ake hango shi. Wannan kuwa sai ka durƙusa da tocila.

Abin da muka ɗora wa kanmu bana: a daina zuba shara, kacalla ta tsaya a tsaye har damana ta zagayo, mu kuma rubuta duk abin da muka ji ko muka gani.

25 Mayu

Mun zauna da mai unguwa a ƙofar gidansa bayan la'asar. Liman ya zo, masu lambu sun zo, yawancinsu ƴan cin rani daga Arewa da Adar, da mata na layin da ke kallon tabki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi muka zo nema ba, izini muke so da goyon baya." Na yi bayani iya ƙoƙarina. Wasu sun yi ta ƴan dariya da suka ji a kan kwaɗo aka tara su, ban kuma ga laifinsu ba.

Wadda ta riƙe min wuya wata Hajiya ce da gidanta ke daf da ruwan. Ta ce, "Malam, bara jikana ya kwanta asibiti da masassarar cizon sauro har muka fid da rai. Mu roƙonmu a cike ramin nan mu huta, kai kuma ka zo kana cewa a bar shi saboda kwaɗo?" Wurin ya yi tsit. Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki a ƙasar nan sai ya amsa ta kafin komai.

Na ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙaryar cewa kwaɗo zai kore sauro ba." Abin da na sani na faɗa mata. Sauron da ke kawo masassara ya fi son ƙaramin ruwa marar zurfi da rana ke dukansa: sawun kofaton shanu, kwarin da tayar mota ta bari, ramin masu tubali. A irin wannan ruwa babu mai cin tsutsarsa, cikin kwanaki goma ko ƙasa da haka ta zama sauro. A tabki mai rai kuwa akwai ƴaƴan mazari, da ƙwarin ruwa, da ƙananan kifaye, duk abincinsu ke nan. Inda tabkinmu ke haifar da sauro shi ne gefen juji, inda leda da gwangwani suka raba ruwan zuwa ƴan aljihuna da ba abin da ke iya shiga. In an kwashe sharar nan, an rage sauro. Sange da maganin rigakafin da ake ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da damana kuwa, babu abin da zai maye gurbinsu.

Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi za ta zuba ido, da sharaɗin ɗalibai su riƙa cike kududdufan layinsu duk bayan ruwa. Na karɓi sharaɗin nan take.

Liman ne ya rufe taro. Ya kawo hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan kwaɗon da zai sa a magani, sai Annabi ya hana shi kashe shi. Ya ce zai ja kunnen yara masu harbinsu da danƙo. Na ce, "Allah gafarta Malam, ka gama mana rabin aiki." Mai unguwa ya yarda a kafa allo a gefen yamma, kuma ya ce shi da kansa zai kira masu amalanke.

8 Yuni

An kwashe leda tun safe har rana ta yi zafi. Kowa da takalmin roba da safar hannu, kuma dokata ɗaya ce: ba wanda zai sa fatarsa a ruwan nan, don tsargiya ba ta san mai kyakkyawar niyya ba. Tun 2014 ƙasar nan take da dokar hana shigo da baƙar leda da sayar da ita, amma wanda ya tona gefen tabkin nan zai ga leda hawa-hawa har zurfin gwiwa. Ƴan aji huɗu na sallame su, jarrabawa ta matso. Daga yanzu sai waɗanda gidajensu ke kusa, tunda hutu ya zo.

29 Yuni

Shamuwa ta daɗe da zuwa, yanzu ruwa ya sauka na sosai. Cikin dare ɗaya tabki ya tashi daga kududdufi ya shiga gindin kacalla. Bayan isha muka je da manyan ɗalibai maza da wani uba da ya raka mu. Kunne kamar zai tsage. Manyan kwaɗin ƙasa suna ta gurnani a bakin ruwa, burduddugi yana amsawa daga tsakiya da muryarsa mai kauri, ga wasu ƙanana a cikin ciyawa da ba su da iyaka. Muka ɗauki sautin da waya, muka rubuta lokaci da yanayin sama.

Namu bai yi kuka ba. Yaran sun damu, ɗaya har yana cewa ko wutar bara ta cinye su. Na kwantar musu da hankali da abin da aka sani game da irinsa: waɗanda ke tsallake rani yawanci ƙanana ne da ba su balaga ba, in ruwa ya sauka sai sun yi makonni suna cin ƙwari suna girma kafin namiji ya fara kira. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, amma ni ma a hanyar gida ban yi magana da kowa ba.

20 Yuli

An samu matattun talibambam da yawa a kusurwar kudu, inda tabki ya fi kusa da gonaki. Da muka yi sammako sai muka ga dalili: wani dattijo manomi yana ɗauraye famfon feshinsa a wurin, ruwan ya yi fari-fari. Na gaishe shi har ƙasa, na ce, "Baba, sannu da aiki. Wata alfarma na zo nema." Ya saurare ni. Na gaya masa kwaɗo ba da baki yake shan ruwa ba, ta fata yake sha, har wani ɓangare na numfashinsa ta fata ne, don haka duk abin da aka zuba a ruwa kai tsaye jikinsa yake shiga. Ya ce shi bai taɓa kawo haka a ransa ba, nan ne kawai ruwa ya fi kusa. Ya ƙara da abin da ban yi tsammani ba, cewa tun da aka fara yawan feshi ya lura kwaɗin cikin shinkafa sun ragu, alhali da su ne ke cinye masa ƙwari.

Muka haƙa rami a tudu nesa da ruwa, muka zuba gawayi da yashi, muka ajiye jarka da ɗalibai za su riƙa cikawa. Ya yi alkawarin gaya wa maƙwabtan gonarsa. Wannan ba zai hana maganin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki ba, amma dai an toshe kafa mafi muni.

3 Agusta

Ranar dashen itace. An kawo mana dashen turare kyauta, na yi godiya na ce a kai farfajiyar makaranta, don itace ne mai zuƙar ruwa, ba a kafa shi a bakin ƙaramin tabki. Jema muka dasa a gefen yamma inda aka kwashe juji, saiwarta tana nutsawa ƙasa ta riƙe gaɓa, ta kuma tace ruwan da ke gangarowa daga layuka.

Da dare muka koma. Tun kafin mu kai na tsayar da yara na ce su yi shiru. Can sama da hayaniyar manyan, daga cikin kacalla, ga shi nan: ƙyal, ƙyal, ƙyal, kamar ana taɓa kwalba da ƙusa. Ɗaya ya fara, na kusa da shi ya karɓa, kafin wani lokaci duk gefen gabas ya ɗauka.

Gano shi da ido ya fi jin sa wuya, don sautin yana ruɗar kunne, ka rantse yana dama alhali yana hagu. Dabarar ita ce mutum biyu su tsaya nesa da juna, kowa ya nuna inda yake jin kukan, inda hannuwan suka haɗu nan za a haska. Haka muka same shi, a kan ganyen kacalla daidai ƙirjina. Bai kai santimita 3 ba. Bayansa ruwan ƙasa mai haske, da duhun layi daga hanci ya ratsa ido ya bi gefen jiki. Cikin cinyoyinsa da yatsunsa ja-ja. Kowane yatsa yana ƙarewa da ɗan faifai mai manne wa ganye, shi ya sa yake zaune a kan abin da ke tsaye cak ba ya zamewa. Maƙogwaronsa ya kumbura ya yi rawaya har hasken tocila yana ratsa shi, in ya buga kukan duk jikinsa sai ya motsa. Bai gudu ba. Ya ci gaba da kiransa muna tsaye a kansa.

Yaron da ya ce wuta ta cinye su ya miƙa hannu, na riƙe shi. Hannun da ya sha sabulu da man shafawa na korar sauro guba ne a fatar nan. Hoto muka ɗauka ta sama da ta gefe, muka kashe tocila.

24 Agusta

Aiki ya tsaya. Ruwan bana ya wuce misali, kogi ya cika ya yi jajir, koramu sun ɓalle, gidajen ƙasa suna ta faɗuwa. Cikin ƴan ƙungiyarmu akwai waɗanda ɗakunansu suka rushe, suna kwana a azuzuwa da iyayensu. Ba wanda zan yi wa maganar kwaɗo a wannan hali. Shebur da baro da muka saya don tabki suna can ana cika buhunan yashi da su.

Abu ɗaya na gani da idona da nake so ya zauna a rubuce. Ruwan layuka uku duk cikin tabkin nan ya gangara, ya cika ya batse har ya haɗe da gonaki, amma bai shiga gidajen da ke kallonsa ba. A can arewa, inda aka cike tsohon tabki aka yi gini, ruwan ya koma mazauninsa na da, yana tsaye cikin tsakar gidajen mutane. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

21 Satumba

Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28, saboda azuzuwa da yawa sun lalace wasu kuma mutane ne a ciki. Ambaliyar ta taɓa sama da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa. Na leƙa tabki ni kaɗai. Rabin jemar ruwa ya tafi da ita, rabi ta kama. Leda ta dawo, amma ba kamar da ba. Tarwaɗa ta shigo tare da ambaliya, kuma ita ba ta barin talibambam, sai dai a cikin duhun kacalla inda ruwa bai da zurfi ba ta iya kutsawa. A nan na ga ƴan ƙananan da suka fito daga ruwa suna manne da kara, wasu da guntun wutsiya bai gama shanyewa ba. Har yanzu ana kira da dare.

9 Nuwamba

Ɗalibai sun dawo. Na kai hotuna da sautin da muka ɗauka wa wani malami a Jami'ar Abdou Moumouni, ya duba ya ce alamun duk na Hyperolius nitidulus ne, wato gida ɗaya suke da na Durban. Na ji daɗin tabbatar da wannan, don shi wannan kwaɗo an yi dogon bincike a kansa a gandun dajin Komowe na Kodebuwa, kuma abin da aka gano shi ne ke gaya mana aikin da ke gabanmu.

Yawancin kwaɗin ƙasar nan in ruwa ya ɗauke ƙasa suke shiga, ko ƙarƙashin dutse, ko cikin rami, su jira damana. Shi wannan ba ya ɓuya. Manyan da suka hayayyafa yawanci mutuwa suke yi in rani ya kama. Ƙananan da suka fito a ƙarshen damana su ne ke ɗauke da zuriyar gaba ɗaya, kuma a kan busasshen kara suke zama, a fili, rana tana dukansu wata da watanni. Sai ya naɗe ƙafafunsa ƙarƙashin ciki ya manne da karan don kada iska ta taɓa inda fatar ta fi laushi. Ba ya fitsari, tunda fitsari asarar ruwa ne. Dattin da ya kamata ya fita, jikinsa yana mayar da wani sashensa ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli ya jera su cikin fata, in zafi ya tsananta sai ya koma fari fat, hasken rana ya riƙa komawa baya maimakon ya dafa shi. Da na gama bayani ajin ya yi shiru, sai wani daga baya ya ce, "Allahu Akbar."

To ga inda matsalar take. Halittar da ta iya jure zafin Afrilu a kan kara ba ta da dabarar ashana ɗaya. Duk shekara ana cinna wa kacallar nan wuta da sanyi, wasu don korar macizai, wasu don sabon toho ya fito wa dabbobi, wasu yara ne kawai. In ta ƙone ƙurmus, ƴaƴan shekara guda sun tafi, kuma babu wani tabki kusa da za a ce wasu za su taso daga can su maye gurbi. Duk kwashe ledar da muka yi ba ta kai wannan muhimmanci ba.

14 Disamba

Mun yi zama da masu yankan kacalla, waɗanda ke yin shinge da rumfa da ita suna sayarwa. Ba zan iya ce wa mutum ya bar abin da yake ci da iyalinsa ba, kuma ba ni da ikon haka. Abin da aka daidaita: za su yanki gefen arewa da na kudu, su bar tsakiyar gabas inda ta fi duhu, baɗi a juya. Wanda ya yanka ya jingine damin a tsaye a gindin wadda ba a yanka ba ya kwana biyu kafin ya ɗauka, don abin da ke manne ya samu ya koma. Babbansu ya ce, "Malam, in dai ba wuta, mu ma ribarmu ce, wuta ita ke cinye mana jari." Ashe buƙatarmu ɗaya da su tun farko. Tare da su muka share hanyar tare wuta mai faɗin taki biyar ta zagaye wurin da aka keɓe.

Akwai kuma masu kamun burduddugi da ke zuwa da dare da tocila da buhu. Suna ƙyafe shi su sayar wa masu kai wa Najeriya, ciniki ne da garin Malanbil, tsallaken Gaya, ya yi suna a kansa. Ba ruwansu da ƙaramin namu, ba shi da naman da za a ci. Amma suna tattake kacalla, kuma wani lokaci su ne ke sa wuta don su ga bakin ruwa. Ba ƴan unguwa ba ne, yau ka gan su gobe ba su. Masu lambu da ke kwana a wurin sun ce za su riƙa yi musu magana.

Na karanta wa ƴan ƙungiya yadda aka ci gaba da na Durban. A 2016 an sauko da shi mataki ɗaya bayan an gano wasu fadamun da yake ciki. A 2017 gwamnatin ƙasar ta fitar da tsari na musamman don kare shi, gidan namun daji na Johannesburg ya fara kiwonsa, a Satumbar 2018 aka saki 200 a fadamar Mount Moreland kusa da filin jirgin saman Durban. Abin a yaba ne. Amma kiwon kwaɗo a ɗaki yana cin kuɗi da wutar lantarki da ƙwararru, kuma ko su da suke da duk wannan, sai da suka nemi fadama mai rai da za su sake shi a ciki. Binciken duniya da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma babban dalili shi ne lalacewar mazauninsu. Mu ba mu da gidan kiwo. Tabkin muke da shi.

18 Janairu 2025

Kogi ya sake cikowa da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gine tun damana, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mu. Ba ya shiga tabkin kai tsaye, amma yana ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa har yanzu gindin kacalla da danshi.

Daren Laraba wuta ta tashi a gefen kudu. Masu lambu suka kashe ta da bokitai da ɗanyen ganye. Ta cinye abin da ya rage a kudun, ta zo bakin hanyar da muka share ta tsaya. Na je da safe na tsaya a kan tokar, ƙafa ɗaya a baƙi ɗaya a share. Na bi masu lambun ɗaya bayan ɗaya na yi musu godiya.

22 Fabrairu

Sanyi ya tafi, zafi ya fara. Da tsakar rana muka shiga wurin da aka keɓe a hankali, ba mai taɓa kara. An daɗe ana dubawa ba a ga komai ba, don ido yana neman abu mai kamar kwaɗo ne. Yarinyar nan mai maganar raƙuman dawa ita ta fara gani. Wani ɗan farin tabo ne a jikin busasshen kara, sama da kaina kaɗan, wanda duk mai wucewa zai ɗauka kashin tsuntsu ne. Da muka matsa sai ga ƴan idanu a lumshe, ga layin baki, ƙafafu duk a naɗe ba ka ganin ko yatsa ɗaya. Bai fi rabin girman wanda muka gani da damana ba. Iska tana kaɗa karan, yana tafiya da shi yana dawowa, ko motsi. Da ido ya gane siffar sai aka fara ganin wasu nan da can. Na hana a matsa kusa sosai, don in ya tsorata ya yi tsalle, ruwan jikin da zai kashe ba shi da inda zai mayar da shi sai Yuni.

Hajiya ta aiko a kira ni. Na ɗauka ƙorafi ne. Cewa ta yi wasu mutane sun zo da mota da abin awo, sun kafa turakun siminti a gefen yamma, daidai inda muka kwashe juji muka dasa jema.

15 Maris

Azumi ya hana mu aikin rana, sai na takarda. Turakun suna nan, guda biyu ma cikin inda ruwa ke kwanciya da damana suke. Mai unguwa ya ce ba da saninsa aka kafa su ba. Wurin da yake juji ba wanda ya kula da shi, yanzu da ya yi kyau ya shiga ido.

Mun rubuta wa ofishin magajin gari da ma'aikatan gandun daji. Na yi tunani sosai a kan abin da za a sa a gaba. Dokar ruwa ta 2010 ta sa tabkuna cikin dukiyar al'umma, da wannan muka buɗe. Sai hotunan Agusta, na tabki a cike da gidajen gefensa a bushe, da na layin arewa da ruwa ke cikin ɗakuna. Sai sa hannun mai unguwa, da liman, da masu lambu, da masu yankan kacalla, da manomin nan mai famfon feshi wanda ya dangwala yatsa. Kwaɗon yana shafi na biyu, da hotonsa na damana da na rani da takardar malamin jami'a. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in cire shi gaba ɗaya kada a raina takardar. Ban cire ba, don saboda shi aka fara, kuma ina so ya shiga fayil ɗin hukuma da sunansa.

Ɗalibai sun zagaye iyakar da ruwa ya kai bara riƙe da wayar hannu, suna bin alamar da ya bari a jikin katangu da itatuwa, mun fitar da taswira. Saura a sake share hanyar tare wuta, don iskar bazara ta tara busasshen ganye a kanta, a kuma samo sabuwar jema kafin Yuni. An ce mu zo ofis mako na biyu bayan Sallah. Mai unguwa zai fara magana, ni in kawo taswira da hotuna, Hajiya kuma ta ce za ta zo da matan layinsu.